Kilinik ɗin da na yi awo a Yamai: hannunsu da kyau, amma samunsu shi ne aiki

Salamu alaikum ƴan uwa mata. Yau kwanana 26 da haihuwa, jiki ya fara dawowa Alhamdulillahi, yarinya na barci Inna kuma ta leƙa maƙwabta, shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a kilinik ɗin da na yi awo, tunda tun ranar suna mata ke tambayata wai ya wurin yake, su je ko kar su je. Sunan wurin dai ba zan faɗa ba, akwai bayin Allah da ke cin abinci can kuma sun yi mani alheri, ba na son in ja ma kowa faɗan maigida. Kilinik ce mai zaman kanta, tana ƙetaren kogi, ni kuma Harobanda nike zaune, ku riƙe wannan don zai dawo cikin labarin.

In kun ce in ba su maki cikin biyar, uku zan ba su. Aikin sajfam ɗinsu, watau ungozomomin likita, in kin samu kin shiga ɗaki kin kwanta gabansu, wallahi biyar cif ne ba ragi. Amma kafin ki kai gaban nasu, watau talho da randebu da littafin rubuta suna, wannan sifiri ne, ko rabin maki ban ba su.

Cikina na fari a Tawa na yi goyonshi gidanmu, awo kuma a CSI, ƙaramar likitar gwamnati ta unguwa, na yi, ban biya kuɗɗin ganin sajfam ba tunda tun zamanin Tandja, 2005 da 2006, gwamnati ta ce aikin fiddo ɗa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati. Layi dai akwai shi, sai kin yi sammako kin aje karne, watau littafin awonki, amma sajfam ɗin da ke dubana gida uku ne tsakaninmu, in wani abu ya dame ni da dare ƙanena Inna ke aikawa ya buga mata ƙofa ta zo da abin awon tansiyon cikin jaka. Ban san gata nike ciki ba sai bana. Wanga karo ina Yamai ina aiki, maigida ya ce gara mu biya mu huta da layi, a ba ki lokaci ki je ki dawo bakin aikinki. Na ce to.

Watannin farko ba ni da abin cewa. Wata wata nike zuwa, jikka biyar ganin sajfam, a auna tansiyon, a hau sikeli, a auna tsawon ciki da mita, a saurari zuciyar ɗa da ɗan injin nan na hannu. Sun rubuta mani maganin ƙarin jini, sun sa na haɗiye Fansidar, maganin kariya daga masassarar sauro, ƙwaya uku gabansu tun da na shiga wata huɗu kuma anka riƙa maimaitawa wata wata, allurar tetanos ma an yi, kullum sai an tambaye ni ko ina kwana cikin gidan sauro. Wurin da tsabta, banɗaki da ruwa, wanda kun san ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciki da aka ce ta kawo fitsari. Babbar sajfam ɗinsu, Tanti muke ce mata duka, dattijuwa ce mai sanyin hannu, ba ta tsawa, ba ta cewa ke lokacin da kike yi ban nan, irin maganganun nan da munka saba ji. Tana jin Hausa tana jin Zabarmanci, duk wadda ta shigo da harshenta take mata bayani. Lokacin ma ban taɓa gwada lambar da ke bayan karne ba, don in an gama awo nan take nike rubuta na wata mai zuwa.

Sai da na shiga sati 35. Ƙafafu sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, zobe ma na cire. Tanti ta auna tansiyon ta ga ya hau 14/9, ta ce in huta ta sake, haka dai ya tsaya. Ta sa anka duba fitsari ba a ga komi ba tukuna. Ta zaunar da ni ta ce ɗiyata, daga yau kin fita sahun masu zuwa wata wata, sati sati zan riƙa ganinki, kuma kowane zuwa sai an sa maki monito. Ta lissafa mani abubuwan da in na gani kar in jira safiya, ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko taurari na gilmawa, ciwo a ƙahon zuci, fuska da hannuwa su kumbura, jini, faya ta fashe, ko ɗa ya rage motsi. Ta ce hawan jini na ciki shi ke kai mace ga jijjiga kuma ba ya sallama.

Ga wadda ba ta san monito ba, wani inji ne da ake ɗaura maki ɗamara biyu a ciki, ɗaya na sauraren zuciyar ɗa ɗaya na auna murɗawar mahaifa, kina kwance ta gefen hagu kamar minti 20 zuwa 30, yana fiddo doguwar takarda mai zane hawa da sauka. Zuciyar ɗa lafiyayye tsakanin 110 da 160 take bugawa a minti, kuma ana son a ga tana ɗan zabura in ya motsa. Tanti da kanta ta ce ba kowace mai ciki ke buƙatarshi ba, wadda cikinta ke lahiya lau awo na kullum ya ishe ta, kar wata ta karanta wannan ta tada hankalinta don ba a taɓa sa mata ba. Irinmu masu tansiyon, da masu ciwon sukari, da waɗanda lokacin haihuwarsu ya wuce, mu ne ake bi da shi.

To daga nan ne fa na san wace kilinik na shiga. Na fito daga ɗakin Tanti da takarda a hannu na je teburin bakin ƙofa in rubuta monito, yarinyar da ke wurin ta ce Madam ba ni ke riƙe da littafin monito ba, mai littafin da safe kawai take nan, ki kira gobe. Na kira gobe. Ƙarhe 8 na kira, 9 na kira, 11 na kira, talho na shiga yana ta ƙara har ya gaji ya yanke. Na aika saƙo ta WhatsApp, na yi vokal da Hausa na yi da Faransanci, alama ɗaya tak, har yau da nike rubutun nan saƙon bai isa ba. Kwana biyu ina haka, ran na uku na ɗauki izini wurin aiki na shiga taksi, ciki wata takwas da rabi, watan Afirilu, zafin Yamai wanda kun sani ya wuce digiri 40 tun kafin azahar, munka maƙale kan gadar Kennedy mutum shida cikin mota ba iska, don kawai in je in rubuta sunana cikin littafi. Ba awo ba fa, rubuta suna. Da na isa mai littafin ta buɗe ta ce babu wuri sai nan da kwana 9. Na ce ƴar uwa sati sati Tanti ta ce, ga takarda. Ta ce to inji ɗaya ne Madam, ya zan yi.

Inji ɗaya, kuma shi ne dai ake turawa ɗakin haihuwa in wata na naƙuda. Wannan ba su faɗa maki ranar da kike buɗe karne kina biyan kuɗɗi.

Na ce a haɗa ni da Tanti in faɗa mata, anka ce tana da mutane. Na ce a ba ni lambarta, anka ce an hana su ba da lambar sajfam. Wannan kam ban ga laifinsu ba, da mata ɗari na da lambar mutum ɗaya ai ba za ta sake runtsawa ba, ita ma tana da gida da ɗiya. Amma in kun hana lambar mutum sai ku aje wadda ake ɗauka. Na zauna kan benci awa biyu da rabi ina gadin ƙofarta kamar mai bin bashi, da ta leƙo na tare ta, ta ja ni da hannu har teburin ta ce a nema ma wagga wuri jibi ko da tsakar rana ne. Nan take wuri ya samu. Na yi murna amma raina bai so ba, don na san wadda ba ta da bakin tare Tanti ko mijinta bai bar ta ta wuni can ba, kwana 9 ɗin nan za ta jira da tansiyon ɗinta.

Kuma abin da ke ba ni haushi shi ne ba wai ba a san ƙarshen ciki ne ke da aiki ba. Tun 2016 OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lahiya aƙalla sau 8 maimakon sau 4 na da, kuma biyar daga ciki duk a watannin ƙarshe suke, sati 30, 34, 36, 38 da 40. Ita Tanti ce ma ta nuna mani a jikin takardar da ke manne bangon ɗakinta. Watau bango ya sani, sajfam ta sani, teburin bakin ƙofa ne kawai bai samu labari ba, shi har yanzu tsarin mai zuwa wata wata yake yi ma kowa. Mi zai hana ranar da anka ce maki sati sati a rubuta maki ranakun duka huɗu ko biyar lokaci guda? Na roƙa, anka ce littafin sati biyu kawai ake buɗewa.

Na sati 36 ya yi daidai, sai dai jira. Na sati 37 shi ne ya sa na yi kuka a bainar jama'a, abin kunya. Randebu ƙarhe 8, na biya jikka bakwai da rabi tun a kes kafin in zauna don haka dokarsu take, 9 ta yi, 10 ta yi, ba wanda ya ce mani kanzil. Wajen 11 na tambaya anka ce inji na ɗakin haihuwa tun asuba. Wallahi ban ji haushin wannan ba ko kaɗan, mai naƙuda ta fi ni buƙata, ni ma gobe ni ce. Abin da ya ci mani rai tun asuba sun sani, lambata na cikin littafinsu, na maigida ma na ciki, kiran minti ɗaya ya isa a ce Madam kar ki taso sai la'asar. Da inji ya dawo 12 da rabi anka ɗaura mani, minti goma kuran ya tahi, kafin a tada gurup inji ya mutu sai da anka sake daga farko. Ban karya ba tun safe sai ruwan leda, ga wata baiwar Allah daga Kollo ta zo da uwar mijinta ita ma tun 7 take zaune, daga ƙarshe anka ce mata ta dawo gobe. Har yanzu ina tuna yadda ta naɗe takardunta ta sa cikin zane ba ta ce uffan ba.

Sai daren da ya sa na zauna rubutun nan. Sati 38 da kwana biyu, ran Juma'a. Yarinyar nan mai harbi ce, musamman in na ci abinci ko na kwanta, har maigida na mata tsiya wai ƴar kokowa ce irin ta Ader. Tun la'asar na lura shiru. Na sha ruwan sanyi, na sha hura da sukari, na kwanta gefen hagu na sa hannu ina jira, sai wani ɗan motsi can ƙasa kamar ba ta so. Ga kaina na sarawa tun magariba. Uwar mijina da ke wurinmu lokacin ta ce haba ke kuwa, ɗa in ya kusa fitowa ai yana rage motsi, wuri ne ya yi mashi kaɗan, ki yi barci. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, haka anka faɗa masu su ma, amma Tanti ta riga ta ce mani wannan zancen ba gaskiya ba ne, ɗa na motsi har ranar haihuwa. Na ce Hajiya bari dai in tambayi likita. Na ɗau talho na kira lambar bayan karne, wadda anka rubuta ƙasanta da jan biro wai dare da rana. Sau 14, yana nan cikin talhona ban goge ba. Abin da nike so kawai wata ta ce mani taho ko jira.

Ƙarhe 10 da rabi maigida ya ce tashi mu tahi, ya je ya tada maƙwabcinmu mai mota, Allah ya saka mashi da alheri ko riga bai tsaya sawa da kyau ba. Da munka isa maigadi ya buɗe, teburin bakin ƙofa ba kowa, fitila ɗaya ke kunne. Maigida don haushi ya sake danna lambar yana tsaye nan, sai ga ƙara na fitowa daga cikin durowar teburin. A kulle. Talhon dare da rana kenan, mai littafi ta rufe shi ta tahi gida da makulli tun ƙarhe 6. Da ba ni da ciwon kai da na yi dariya.

Sajfam mai gardi yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, ita kaɗai da wata ƴar koyon aiki ga mata biyu na naƙuda. Ina cewa ɗa ya rage motsi ba ta tambaye ni risi ba ba ta tambaye ni randebu ba, ta ce Yaya hau nan, ta jawo inji da kanta. Daƙiƙun nan da take yawo da abin a cikina tana neman zuciya, ban taɓa jin lokaci mai tsawo irinsu ba, ina ta La'ilaha illa anta subhanaka. Sai ga shi kamar doki na sukuwa, 138, 142. Na fashe da kuka ita kuma ta ce tsaya tukuna mu ga tansiyon. 16/10. Fitsari kuma wanga karo ya nuna. Ta kira likitan mata a talhonta na kanta da kuɗɗinta, ya zo cikin rabin awa, anka sa mani magani anka ce ba inda za ni. Ya gaya ma maigida a fili cewa in abin ya ƙi sauka ko takardar monito ta canja za su tura mu Issaka Gazoby cikin daren, tunda can ce babbar matarniti da ake kai masu matsala. Allah ya taimaka ya sauka, da safe anka sa mani maganin naƙuda, kafin la'asar ran Asabar na haihu da kaina, mace, kilo 2 da 700. Tanti ce ta karɓi haihuwar, ɗinki uku, ta yi shi da allurar kashe zafi ba irin na gayya ba.

Da gari ya waye na tambayi yarinyar gardin, na ce ƙanwata da na ji maganar talho na ce tunda ba su ɗauka ba bari in bari sai safe fa? Ta yi shiru ta ce Yaya kar ki sake tsayawa kiran kowa kan irin wannan, ko nan ko wani wuri, in ɗa ya yi shiru ko kai na sara ki taho kawai, in nan ya yi maki nisa ki shiga matarnitin da ta fi kusa da ke ko ba can kike awo ba, karnenki dai ya kasance a hannu. Ta ce su ma sun sha yin magana kan talhon nan. Kuma gaskiyarta, a Harobanda akwai inda zan iya zuwa cikin minti goma, ni ce na ƙulla a raina sai wurin da na biya kuɗɗi, na ɓata awa shida ina jira ina danna lamba.

Kuɗɗin da munka kashe tun daga awo har sallama ban so in lissafa, maigida ya ce a bar shi, amma ba kaɗan ba ne, kuma mai iya sayen kilim ya sa a ɗakin jira bai rasa jikka goma na ɗan ƙaramin talho da za a aje ɗakin gardi. Inji na biyu na san da tsada, wannan ban matsa ba. Amma talho da kiran mutum in an ɗage mashi lokaci, wannan ba kuɗɗi ba ne, rashin kula ne na masu wurin, su kuma sajfam su ke shan zagin mata alhali ba su ke riƙe da littafi ba. Na rubuta masu haka a takarda na sa cikin akwatin shawara da ke bakin ƙofa, ko ana buɗe shi Allah masani.

Masu tambaya ko su je, in cikinki lahiya lau kuma gidanki kusa ne yadda za ki iya leƙawa da ƙafa, je ki, za ki ji daɗin hannunsu. In kina da tansiyon ko sukari ko an taɓa yi maki aiki, ko kuma akwai gada tsakaninku kamar ni, tun ranar farko kafin ki biya ki tambaya monito nawa gare su, wa ke riƙe da talho da dare, kuma ki danna lambar nan gabansu ki ga inda za ta yi ƙara. Ƙanwata na da ciki wata uku yanzu, na ce mata ta buɗe karne kusa da gida, eko, watau hoton ciki, kawai ta riƙa zuwa yi can.

Ranar da anka sallame mu Tanti ta ce in dawo bayan sati 6 a sake duba tansiyon a yi maganar tazarar haihuwa. Na tsaya teburin bakin ƙofa da jaririya a hannu na ce a rubuta ni tun yanzu, mai littafi ta ce ba a buɗe na watan ba tukuna Madam, sai ki kira. Inna ta ce ran Litinin in ta je Babbar Kasuwa sayen kayan yaji za ta biya ta rubuta mani da ƙafarta.